Miki a fatar idon ƙanena: Yamai ko Kano?

Hadiza: Assalamu alaikum. Ƙanena zabiya ne, yana noma a wajen Madarunfa, kuma tun damina yake da miki a fatar idonsa ta ƙasa, wanda yake yin ɓawo, ya fashe, ya yi jini. Likita yana zargin sankarar fata, ya ce sai an yanki tsoka an auna. Mu kai shi Yamai, ko mu ƙetara Kano tunda ta fi kusa?

Malam Sani: Ki shafa masa zuma tukuna, 'yata. Da ita nawa ya warke.

Hajiya Rabi: Malam, da irin wannan shawara maigidana ya rasa idonsa. Shi baƙi ne, shi ya sa duk inda muka je sai a ce ciwon na Turawa ne da zabiya, a ba mu maganin ɗigawa mu koma gida. Lokacin da muka isa Yamai ya riga ya ci zuwa ciki, aka cire idon gaba ɗaya, bayan mun sayar da gona. Wani ɗan kasuwa da ke ɗakinmu na asibiti, da yake yana da hali ya zo da wuri, ƙaramin yanka kawai aka yi masa. Awon tsokar jikka 40 muka biya.

Issufu: Allah Ya ƙara haƙuri, Hajiya, amma ni jikka 15 na biya wa gwaggota.

Hajiya Rabi: Ka tambayi wanda ya kwana a kan tabarmar asibiti.

Mariyama: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Baƙar fata tana rage hatsarin amma ba ta kawar da shi, kuma zabiya, da fatarsu ba ta da sinadarin da ke tare zafin rana, sun fi kowa kamuwa, da irin sankarar da ke iya yaɗuwa. Yamai tana da cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara, sai dai tafiyar ta haura kilomita 600. Kada ku jinkirta awon.

Malam Sani: Kafin a gina cibiyar, da me iyayenmu suke warkewa?

Zainabu: Ni abin da ke ci mini rai shi ne man kariyar rana, wanda talaka ba ya iya saye kowane wata. 'Yata zabiya ce, kuma a makaranta an hana ta sa malafa a fili, wai ba ta cikin kayan makaranta, alhali da tsakar rana ake tsayar da su.