Tsofaffin waƙoƙin rok da pop: da gaske sun fi na yanzu ko kewa ce kawai?

Mai_Kaset:
Salam 'yan uwa. Tambayata ga masu jin waƙoƙin turawa na da ce, irin na shekarun 1970 har zuwa farkon 1990. Kwanan nan na koma ina binsu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda muka taso muna ji a rediyo da kaset, kuma wlh yawancinsu ba yadda na ajiye su a raina na same su ba. A da kiɗan kawai muke bi, kunne na kan ganga, ƙafa na motsi, ba ruwanmu da abin da ake faɗa. Yanzu da na nutsu sai na ji ashe Billie Jean ta Michael Jackson labarin mutum ne da wata mata ta jingina masa ɗa shi kuma yana ta rantsuwa ba nasa ba ne, muryar ma cike take da fargaba. Haka Every Breath You Take ta The Police, 1983, wadda mutane ke ɗauka waƙar soyayya ce har ana sa ta a wajen biki, shi kansa Sting da ya rubuta ta ya sha faɗa cewa kishi ne da sa ido a ciki.

To abin da nake so in ji daga gare ku, waɗannan waƙoƙin sun fi na yanzu ne da gaske, ko dai ƙuruciyarmu muke kewa muke ɗora wa waƙa? Kuma wacce ce kuka koma mata bayan shekaru kuka ji ta ƙara nauyi?

Dattijo_Garmaho:
Wa alaikumus salam. Malam Mai Kaset ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni dai a wajena sun fi, kuma ba kewa ba ce, aikin da aka zuba a ciki kunne yana jinsa. Ka ɗauki Bohemian Rhapsody ta Queen, 1975, kusan minti 6 ce kuma babu amshi ko ɗaya da ake maimaitawa, ta fara a hankali da fiyano ta shiga salon opera ta faɗa rok mai zafi sannan ta sauko, duk waɗancan muryoyin da za ka rantse taron mawaƙa ne, mutum uku ne kacal, Freddie Mercury da Brian May da Roger Taylor, suna ɗora murya kan murya a kan tef ba kwamfuta ba. Sati 9 ta yi tana lamba ɗaya a Ingila, da Freddie ya rasu a 1991 ta sake komawa lamba ɗaya. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, a Zanzibar aka haife shi a 1946, sunansa na asali Farrokh Bulsara.

Sannan ka nemi wasan da suka yi a filin wasa na Wembley da ke Landan ranar 13 ga Yuli 1985, taron Live Aid na tara kuɗi saboda yunwar Habasha. Minti 20 ne ko da ɗan ɗoriya, da yamma tun rana ba ta faɗi ba, babu wasu fitilu babu wata dabara, mutum ɗaya da makirfo ya riƙe filin nan kaf. Mawaƙin da zai iya wannan ba a ƙera shi a sitidiyo. Haka Mark Knopfler na Dire Straits, da yatsunsa tsirara yake kaɗa jita, ka saurari ƙarshen Sultans of Swing ka ji yadda jitar take kamar magana take yi.

Ummu_Hanan:
Ni kam ɓangaren ma'anar nan da Yaya Mai Kaset ya kawo shi ya fi taɓa ni. Wadda na koma mata ta kusa sa ni hawaye ita ce Fast Car ta Tracy Chapman, 1988. Da ina yarinya jitar nake so kawai, da muryarta mai kauri da har na ɗauka namiji ne. Sai da na girma na san ɗawainiya sannan na gane yarinya ce da uwarta ta tafi, uban ya faɗa shaye-shaye, ta bar makaranta don ta kula da shi, tana aiki a kanti tana tara 'yan kuɗi tana fatan wata rana za su fita daga wannan halin ita da wanda take so, ƙarshe shi ma ya zama irin uban. Babu ihu a waƙar babu kuka, a hankali take faɗa, shi ya sa ma take shiga jiki. A 2023 Luke Combs ya sake rera ta, ta ci kyautar waƙar shekara ta CMA, ƙungiyar waƙoƙin country ta Amurka, Tracy ta zama baƙar mace ta farko da ta samu wannan kyautar, shekara 35 bayan fitowar waƙar fa.

Kuma na lura waƙoƙin da suka fi daɗewa da yawansu daga ciwo na gaske suka fito. The Winner Takes It All ta ABBA, 1980, Björn ne ya rubuta baitocin bayan rabuwarsa da Agnetha, kuma ita ɗin ce ta tsaya ta rera. Ki duba, ko ka duba, ace tsohon mijinki ya rubuta waƙar rabuwa ya miƙo miki ke za ki ɗauka. Albam ɗin Rumours na Fleetwood Mac ma haka, 1977, aure ɗaya da soyayya ɗaya suna wargajewa a cikin ƙungiyar a lokacin da ake ɗaukarsa, Stevie Nicks ta rubuta Dreams, Lindsey Buckingham ya rubuta Go Your Own Way, kowa na faɗa wa ɗan uwansa magana kuma kowa na yi wa waƙar ɗayan kiɗa da amshi. Da ba mu san zafin rabuwa ba ai ba za mu ji wannan ba, sai yanzu.

Sabon_Jini:
Baba Dattijo Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan saɓa maka. Ni ba a haife ni ba lokacin da waɗannan suka fito kuma ina son su sosai, don haka nawa ba kewa ba ce. Sai dai kwatancen bai yi adalci ba, kuna ɗauko zaɓaɓɓu na shekara ashirin kuna gwada su da duk abin da ya fito wannan watan. Lokaci rariya ne, ya tace tarkacen wancan zamanin ya bar muku tsabar, dubban waƙoƙin da aka yi a 1985 waɗanda ba su da daɗi wa yake tuna su yau?

Batun cewa da babu dabara kuwa, akwai ta mana. Boney M da iyayenmu ke so, muryar namijin da ake ji a Daddy Cool ta Frank Farian ce, furodusansu na Jamus, Bobby Farrell rawa yake yi a gaba. Shi dai wannan Farian ɗin ne ya haɗa Milli Vanilli da aka ƙwace wa Grammy a 1990 saboda ba su ne suka yi waƙoƙin ba. Prince ma injin ganga ya yi amfani da shi a When Doves Cry, 1984, har ya cire bes gaba ɗaya, kuma waƙar ta yi kyau matuƙa, kenan matsalar ba inji ba ce, wanda ke riƙe da injin ne. Abin da na yarda da shi shi ne waƙa mai kyau ba ta tsufa, Running Up That Hill ta Kate Bush ta fito a 1985 amma sai 2022 ta hau lamba ɗaya a Ingila bayan an sa ta a shirin Stranger Things mai dogon zango, kuma mu yara ne muka kai ta can, Dreams ɗin da Anti Ummu Hanan ta ambata ma TikTok ne ya dawo da ita a 2020.

Dattijo_Garmaho:
Yaro ka yi magana, na karɓi ta Boney M. Amma abu ɗaya ba zan sake ba shi ne haƙuri. In the Air Tonight ta Phil Collins, 1981, sai ka wuce minti 3 kana jira kafin gangar nan ta faɗo, kuma jiran shi ne daɗin. Yanzu in amshi bai zo da wuri ba yatsa ya riga ya tura ta gaba, masu rubutawa ma sun sani shi ya sa suke gajarta gabatarwa. A kaset tsallake waƙa wahala ne, dole ka zauna da wadda ba ka so har wata rana ta zama ita ka fi so.

Mai_Kaset:
Na gode ƙwarai, kowa ya ba ni abin tunani, musamman maganar tacewar nan ta Sabon Jini. Baba Dattijo shawararka zan bi, zan ɗauki albam ɗaya in ji daga farko har ƙarshe ba tsallake, da belun kunne. Thriller na Michael Jackson zan fara da shi, 1982, don kwanan nan na san cewa Eddie Van Halen ne ya kaɗa jitar tsakiyar Beat It, kuma amshin ƙarshen Wanna Be Startin' Somethin' daga Soul Makossa ta Manu Dibango ɗan Kamaru aka ɗauko shi. Bayansa sai Diamond Life na Sade, 1984. Anti Ummu Hanan in akwai wasu irin Fast Car masu labari a ciki don Allah ki turo sunayensu.