Muna shawarar ɗaukar riƙon yaro bayan shekara 11 babu haihuwa

Mai Haƙuri ta rubuta:

Assalamu alaikum. Shekara 11 ke nan da aurenmu, Allah bai ba mu haihuwa ba. An yi mini dashen ƙwan haihuwa sau biyu, na biyun ya kama, amma cikin ya zube a mako na tara. Yanzu ni da maigidana muna shawarar ɗauko yaro daga gidan marayu, sai dai tsoro ya hana mu tsayar da magana. Shi yana fargabar cutar gado, da kuma ranar da wani zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ɗansa ne. Ni kuwa abin da ban taɓa faɗa masa ba shi ne, ban tabbata zuciyata za ta so ɗan da ban haifa ba kamar yadda take son wanda na rasa. Don Allah waɗanda suka bi wannan hanya su nuna mini inda haɗarin yake.

Uwar Riƙo ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Tsoron da kika ɓoye shi na fi sani. Na karɓi 'yata tana da shekara biyu da rabi, kuma wata uku na farko aiki kawai nake yi mata, wanka da ciyarwa, ina jin kamar ajiya aka ba ni. Idan ta faɗi ba ta kuka, sai ta tashi ta kakkaɓe gwiwarta, domin ta saba babu mai zuwa, kuma na sha tarar da ragowar abinci a ƙarƙashin matashinta. Ranar da ta yi tuntuɓe ta fashe da kuka tana miƙo mini hannu, ni ma kukan na yi. Amma kada in ruɗe ki: zuwanta bai share baƙin cikin rashin haihuwa ba, yana nan a gefensa. Za a ce miki da kin ɗauki riƙo ciki zai zo. Kada ki saurara, domin yaro ba magani ba ne, kuma idan aka ɗauke shi da wannan niyya shi zai biya bashin.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Ba ku kaɗai ba ne, Hajiya, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin shida yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Game da fargabar maigida, a yi wa yaron gwajin ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B, da sikila, a duba ji da gani. Idan bai kai wata 18 ba, gwajin ƙanjamau na yau da kullum yana iya nuna garkuwar da ya samu daga mahaifiyarsa, don haka sai a yi wanda ke neman ƙwayar cutar kanta. A ganina abin da ya fi cutar gado nauyi shi ne tsawon zaman da yaro ya yi babu mai kula da shi takamaimai. Binciken da aka fara a Bukarest ta ƙasar Romaniya a 2000 ya nuna cewa yaran da aka mayar cikin iyali kafin su cika shekara biyu sun fi waɗanda suka daɗe a gidan marayu shaƙuwa da masu riƙonsu da kuma bunƙasar fahimta.

Abu Nu'aim ya amsa:

Maganar mai ƙwanƙwasa ƙofa maganinta takarda. Ku bi ta hukumar jin daɗin jama'a da kotu, ku guji duk dillalin da zai ce zai kawo muku jariri cikin gaggawa, domin yaro na iya zama na sata ne, kuma irin wannan ɓarna ce ta sa Guwatemala ta rufe ba da riƙo zuwa ƙasashen waje a 2008. Idan ku Musulmi ne, aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta hana jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, saboda haka ba ya cin gado, amma ana iya yi masa kyauta tun da rai, ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Sashe na 20 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ma ya ambaci kafala, wato riƙon yaro a tsarin Musulunci, da sunanta. Kuma ku gaya masa asalinsa tun yana ƙarami, kafin ya ji a bakin wani ranar faɗa.

Mai Haƙuri ta sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na karanta wa maigida amsoshinku, har da abin da na rubuta game da zuciyata. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi ma tsoron ke nan, cutar gado hujja ce kawai ya samu. Uwar Riƙo, 'yarki tana da shekara nawa kika fara gaya mata asalinta, kuma da waɗanne kalmomi?