Larval Tear ɗaya ya rage min, in sauya tsari saboda Malenia ko in haƙura?

Ɗan Rimi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in yi abin da ba ya gyaruwa. Elden Ring nake bugawa a PS5, da Astrologer na fara, yanzu ina lebul 118. Vigor 30, Mind 35, Endurance 20, Strength 12, Dexterity 18, Intelligence 66. Sandata Carian Regal Scepter ce, na kai ta +10. Ina da Moonveil, takobi ce, amma a +6 na bar ta. Kwana tara ke nan ina ƙofar Malenia, ɗaya daga cikin abokan gaba mafi wuya a wasan, sau uku kacal na ga zagayenta na biyu. Duk sihirin da na harba sai ta goce, in ta iso kaina sara biyu na faɗi. Larval Tear, abin da ake ba Rennala don ta bar mutum ya sake raba makinsa, ɗaya ya rage min, na riga na sayi na ɗan kasuwar Siofra da na Pidia. Na riga na kashe Fire Giant, kuma ba ni da Rivers of Blood, takobin nan mai zubar da jini. In je wurin Rennala in koma mai zubar da jini, ko in zauna a kan sihirina? Awa biyu kawai nake samu da dare bayan na taso daga shago.

Sarkin Yaƙi: Wa alaikumus salam. Ba dogon zance, ka ɗauko Rivers of Blood. Arcane 20, Dexterity 18, Strength 12, ka shiga ka yi ta danna L2. Ni a karo na shida na kwantar da ita.

Mai Garkuwa: Ka je Siofra, akwai ɗan kasuwa da ke sayar da Larval Tear a kan rune 3,000, kuɗin cikin wasan. Ka saya ka daina fargaba.

Ɗan Rimi: Na gode muku, amma duka biyun na faɗa a sama. Na sayi na Siofra tun tuni. Shi kuma Okina da ke riƙe da Rivers of Blood ba ya fitowa a Church of Repose idan an gama da Fire Giant, na je har sau biyu.

Anti Mai Sihiri: Ƙanina, kar ka taɓa wannan Larval Tear ɗin tukuna. Matsalarka ba sihiri ba ce, jininka ne. Vigor 30 bai ma cika jini 1,000 ba. A 40 kana da 1,450, a 60 kuma 1,900. Ka isa har Elphael da jinin da ya dace da Liurnia, ai ka yi ƙoƙari ƙwarai. Kuma abin da masu cewa ka sauya ba sa faɗa maka shi ne, Rennala maki kawai take mayar maka, ba ta mayar da duwatsun da ka zuba a sanda. In ka koma Arcane yau, da wane makami za ka shiga? Sabon takobi a +0? Moonveil ɗin da ke jakarka tana da zubar da jini a jikinta, kuma da Intelligence take ƙarfi. Ka shiga Farum Azula ka samo ƙararrawar Somberstone ta 4 da ta 5, ka kai wa tagwayen Roundtable Hold, ka sayi duwatsu na 7 da 8 da 9. Sannan ka nemo sihirin Night Comet a Sellia. Malenia ba ta ganin tahowarsa, don haka ba ta goce masa kamar yadda take goce wa sauran. Ni da shi na gama da ita, ban sauya komai ba.

Autan Gida: Anti ta yi magana, kowa ya ajiye hannun gem ya saurara. Yaya Ɗan Rimi, Vigor 30 a gaban Malenia ai kamar ka shiga dambe da singileti ne a ranar sanyi.

Baban Yara: Ku bar ni in faɗa muku abin da ya same ni, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ni da ƙarfi na fara. Babban Greatsword, Lion's Claw, hannu biyu, ba ruwana da kowa. Haka na bi ta kan Radahn, na bi ta kan Morgott. Da na zo wurin matar nan sai na ga wata duniya. Na ɗaga garkuwa, ashe ko ta sari garkuwa jininta ƙaruwa yake yi. Sati biyu ina fama. Sai wasu suka ce in koma Dexterity da Arcane. Na sauya. Hannuna bai saba da ƙaramin takobi ba, na saba in yi sara ɗaya mai nauyi in ja baya, sai ga shi ana so in manne mata. Na sake sauyawa zuwa Faith saboda Blasphemous Blade. Na sake komawa ƙarfi. Larval Tear uku na ƙona a kwana goma, kuma duwatsun Ancient Dragon da nake tattalawa duk na watsa su a makamai uku da ban iya ko ɗaya ba.

Amma ba wannan ne ya fi ƙona min rai ba. Daren da na kai ta zagaye na biyu, jininta saura kamar faɗin yatsa, na sha kwalbata ta ƙarshe, sai aka ɗauke wuta. Na zauna cikin duhu ina riƙe da hannun gem. Da aka dawo da ita wajen asuba na kunna, injin ya yi ta gyaran ma'ajiyarsa, da na buɗe wasan aka ce ajiyata ta lalace. Awa 163. Ba ni da PS Plus a lokacin, wato rajistar PlayStation ta biyan kuɗi da ke ajiye kwafi a intanet, don haka babu kwafi a ko'ina. Matata ta fito ta same ni zaune a falo, ta ɗauka rasuwa aka yi. Wata bakwai ban sake taɓa faifan ba. Saboda haka ni shawarata, Ɗan Rimi, kafin ka yi tunanin Rennala ka yi tunanin inda ajiyarka take.

Mai Garkuwa: Inna lillahi. Allah ya mayar da alheri, Baba. Awa 163 ba wasa ba.

Sarkin Yaƙi: Ai da ka kwafa a filas. Ni duk Juma'a nake kwafe tawa.

Baban Yara: Kai PS4 gare ka. Ajiyar wasannin PS5 ba ta kwafuwa a filas, sai dai a tura ta sama ta PS Plus. Ka tambaya kafin ka yi wa mutum gyara.

Malam Na Kwamfuta: Shi ya sa nake kan kwamfuta. Fayil ɗaya ne, in kwafa in ajiye inda na ga dama. Kafin in sauya tsari ma sai in kwafe, in bai yi min ba in mayar da tsohon, Larval Tear ɗina yana nan. Game da tambayar kuwa, Mimic Tear ne maganinta, mataimakin da ake kira ya kwaikwayi tsarinka ya taya ka faɗa. Ba ya cin FP, wato makin sihiri, jini 660 yake ci. Ka kira shi, ka sha kwalba, ku haɗu ku tare ta a lungu.

Anti Mai Sihiri: Malam, jininsa bai kai 1,000 ba. In ya kira Mimic saura masa kusan 300, ita kuma tana tahowa. Kuma Mimic na matsafi mai Vigor 30 abinci ne a wurinta, duk saran da ta yi masa jininta take cikawa. In dai kira zai yi, Black Knife Tiche ta fi masa, tana gocewa, kuma yana da Mind ɗin da zai biya FP 132.

Sarkin Yaƙi: Ni dai a wurina wanda ya kashe Malenia da Mimic ko Tiche bai kashe ta ba, kashe masa aka yi. Bai kamata ya zo yana koya wa mutane faɗa ba.

Malam Na Kwamfuta: Kai da ka ce a yi ta danna L2? Wane faɗa ka koya? Kuma wane lokaci ka kashe ta, kafin gyaran 1.06 na Agustan 2022 da aka rage wa Rivers of Blood ƙarfi, ko bayansa? Don wanda ya buga a watannin farko da wanda ke bugawa yau ba abu ɗaya suka riƙe ba.

Sarkin Yaƙi: Ni kaɗai na shiga, ni kaɗai na fito. Wannan ya ishe ni.

Hajiya Tarnished: Masu wasan ne suka saka ƙararrawar kira a ciki, tun a Limgrave ake ba ka ita. Mutumin da ke da awa biyu bayan ya taso daga shago ba sai ya burge kowa ba. Ni na yi wa mutane da yawa taimako a ƙofarta, kuma abin da na lura shi ne kusan kowa a jerin saranta na Waterfowl Dance yake mutuwa, ko wane irin tsari gare shi. Ɗan Rimi, ka ware dare biyu kar ka yi niyyar cin nasara, ka shiga kawai don ka koyi wannan rawar. In ta tashi sama ta tsaya, kashi uku ne. In kana nesa, ka juya ka ruga da gudu, na farko ba zai same ka ba. Na biyu ka mirgina ka shige cikinsa, kar ka yi baya. Na uku za ta wuce ta kanka ta juyo, ka ɗan jira kafin ka motsa. In kana kusa da ita lokacin da ta tashi, jefa mata Freezing Pot, yana sauko da ita. Kuma ka duba wuyanka: in kana sanye da Radagon's Soreseal ka cire, yana ƙara maka raunin da kake ji da kashi 15. Dragoncrest Greatshield Talisman yana nan cikin Elphael ɗin da kake, ka ɗauko shi.

Ɗan Rimi: Hajiya, wallahi Soreseal ɗin na wuyana tun Caelid, na manta da shi ma. To game da Vigor, in yi amfani da Larval Tear ɗin in rage Mind da Intelligence in zuba a can, ko in nemi rune? Kowane lebul yanzu kusan dubu 90 yake ci.

Mai Garkuwa: Ka je Mohgwyn wurin tsuntsun nan. Kibiya ɗaya, ya rugo ya faɗa rami, kusan rune 11,000. Lebul goma kusan miliyan ɗaya ne, wato tsuntsu casa'in da wani abu. Dare ɗaya ya isa.

Autan Gida: Tsuntsun nan ya ciyar da gidaje da yawa, Allah ya saka masa. Ko kuma Yaya ya sa tulu a ka, ya tuɓe riga, ya ɗauki takobi biyu kamar ɗan wasan nan Let Me Solo Her. Shi da ya kashe ta sau 1,000 har kamfanin ya aika masa takobin gaske.

Hajiya Tarnished: In kana da PS Plus ka faɗi lokaci in ajiye maka alama a ƙofar, mu shiga tare ko don ka ga zagaye na biyu da kyau. Scarlet Aeonia, harin furenta a zagaye na biyu, ba ta da wuya in ka san lokacin gudu, kuma bayan ta sauka furen ya buɗe kana da sararin harba sihiri daga nesa.

Ɗan Rimi: Ba ni da shi, Hajiya. Nawa ake yinsa yanzu?

Mai Garkuwa: Ni katin dala 10 na saya naira 17,000 wancan watan.

Sarkin Yaƙi: An cuce ka. 14,500 nake saya.

Baban Yara: Wa yake ba ka a 14,500? Ni 19,000 aka ce min shekaranjiya, har na fasa. Kuma ku yi hattara da masu arha ɗin nan. Bayan na dawo wasan na ce bari in sayi ƙarin wasan, Shadow of the Erdtree, dala 40 ne. Na ba wani mai shago kuɗi ya loda min a asusuna na Amurka. Ya sauka tsaf, na kashe Radahn, na kashe Mohg, na je na taɓa hannun nan da ke cikin ƙwan, wanda ke shigar da mutum cikin ƙarin, shiru. Ashe faifan da shi da kansa ya sayar min na Turai ne, ƙarin kuma dole yankinsa ya dace da na faifai. Na koma, ya ce shi kati ya sayar min, ba ruwansa da yanki.

Malam Na Kwamfuta: Wannan ya faru da mutum biyu da na sani. Ku riƙa duba bayan kwali. In kun ga PEGI na Turai ne, in ESRB ne na Amurka.

Mai Garkuwa: Nawa kwalin ma babu, a leda aka ba ni faifan, 30,000. Yanzu ta yaya zan gane?

Sarkin Yaƙi: 30,000? Ni 52,000 na saya sabo dal, kuma an ce min na yi sa'a.

Anti Mai Sihiri: Mai Garkuwa, ka duba jikin faifan, tambarin yana nan a kai. Baba, shi mai shagon bai ko rage maka wani abu ba?

Baban Yara: Ko sisi. Cewa ya yi in kawo faifan ya karɓa a 20,000, in cika 25,000 ya ba ni na Amurka. Kuma ajiyar da na sake ginawa ta faifan Turai ce, ba za ta buɗe a ɗayan ba, wato in sake farawa daga Limgrave karo na uku. Faifan na nan a kan talabijin, ƙarin na nan a asusu, ban taɓa ganin ko ƙofar Belurat da ke cikinsa ba.

Ɗan Rimi: Na duba nawa yanzu, PEGI ne, asusuna kuma na Amurka. Da ƙarshen wata nake shirin sayen ƙarin. Wato sai na buɗe wani asusun na Ingila ke nan? Kuma katin fam a ina ake samunsa, nawa ne?

Mai Garkuwa: Akwai mai kawowa, amma sai ka jira kwana biyu, kuma farashinsa na safe daban da na yamma. Bari in tambaye shi in ya buɗe gobe.