A agaza da kalma kafin gobe: wace irin sarauta ce ta Ingila?

'Yar Rediyo: Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, a taimaka mini, gobe Asabar da hantsi nake da shiri kan sabuwar gwamnatin Birtaniya da abubuwan da ta ce za ta sa a gaba. Kun san jam'iyyar Labour ta lashe zaɓen 4 ga Yulin 2024, Keir Starmer ya zama firaminista, ranar Laraba 17 ga wata kuma Sarki Charles ya je majalisa ya karanta jerin dokokin da ake son kawowa, kusan 40. A ciki akwai mayar da jiragen ƙasa hannun gwamnati, da kafa kamfanin makamashi na ƙasa, da sassauta ƙa'idojin gini don a samu gidaje, da raba masu gadon kujera da majalisar dattawansu. Inda na maƙale shi ne constitutional monarchy. Na rubuta "mulkin sarauta bisa tsarin mulki", amma da na karanta a bayyane sai na ji harshena na harɗewa, mulki har sau biyu a numfashi ɗaya. Ga kuma wata: a jawabin, Sarki cewa yake ta yi "gwamnatina za ta yi kaza". Mai saurare a Mashi ko Rimi zai ɗauka shi ya zauna ya tsara abin. Yaya zan yi?

Ticha: Wa alaikumus salam. Mu a aji "sarauta mai bin kundin tsarin mulki" muke cewa. Yara na ganewa.

Lauyan Ƙofar Ƙaura: Ticha, yara na haddacewa dai. Wane kundi? Birtaniya ba ta da littafi guda da za ka ɗaga ka ce ga tsarin mulki, irin namu na 1999. Nasu a warwatse yake: yarjejeniyar 1215 da manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki John, dokar 1689 da ta hana sarki ɗora haraji ko jingine doka ba da yardar majalisa ba, hukunce-hukuncen kotu, sai al'adun da ba a rubuta ba amma ba mai karya su. Misali, a takarda Sarki na iya ƙin sa hannu a dokar da majalisa ta zartar. Rabon da a yi haka tun 1708. Idan kika ce kundi a kan Japan ko Sifen kin yi daidai, ɗaya na da na 1947, ɗaya na 1978. A kan Ingila kuwa kin sa musu abin da ba su da shi. Cire kundi.

Malamin Zaure: Larabawa sun gama wannan aiki tuntuni: malakiyya dusturiyya. A Hausance shi, a ce mulukiya ta dusturi. Gajere, kuma duk wanda ya yi karatun littattafai zai kama.

Ɗan Sawaba: Allah ya gafarta Malam, a bar mulukiya inda take. Mu da muka tashi a gidan 'yan NEPU mun san abin da kalmar nan take ɗauke da shi. Idan iyayenmu suka ce mulkin mulukiya, ɗan doka suke nufi da bulala, da alƙalin En'e, da jangali, da ɗaurin da ba ɗaukaka ƙara. Wato ainihin kishiyar abin da yarinyar nan take son faɗa. Dusturi kuwa, je ka tashar Daura ka tambayi direba goma, ka ga ko ɗaya ba zai ce maka sunan magani ba ne.

Malamin Zaure: Majalisa da siyasa da hukuma ma ai wata rana baƙi ne a kunne. Da amfani kalma ke zama 'yar gida.

Mahayi: Jama'a ku huta, na samo. SARAUTAR LINZAMI. Duba dokin hawan sallah: ga ado, ga kwarjini, kowa shi yake kallo, amma inda aka ja linzami nan yake bi. Majalisa ce ke riƙe da linzamin. Kalma biyu, Hausa tsantsa, tsohuwa a Ƙofar Guga ma za ta gane ba sai an yi mata sharhi ba.

'Yar Rediyo: Yaya, ta yi daɗi a baki, amma kana so in kwatanta sarki da doki a rediyo, a cikin Katsina? Kafin in fito daga ɗakin watsa shiri an kira shugabana a waya.

Mahayi: Ƙanwata, Sarkin Ingila fa kike magana a kai, ba namu ba.

Ticha: Kunne ba ya tantance wannan. Da ka ce sarki, fada mutum zai tuno.

Dattijon Daura: Ni abin da ke ba ni mamaki da 'yan boko shi ne, duk abin da Bature ya zo da shi sai ku ɗauka sabo ne a duniya. Yaushe sarki ya taɓa mulki shi kaɗai a ƙasar Hausa? Akwai masu zaɓen sarki, akwai 'yan majalisa, akwai malamai da ke iya ce masa ranka ya daɗe wannan bai halatta ba. A nan Daura, tushen Hausa, sarauta da shawara tare suka taso. Ku ce "sarauta" kawai, ta wadatar. Sannan wannan firaminista da kuke ta nanatawa, me ya hana ku ce Waziri? Kun bar Hausar iyayenku kuna lanƙwasa Turanci, ku kira shi Hausa.

Bakatsine: Baba, da girmanka, tushe daban, reno daban. A Katsina ne Ƙaura da Galadima da Yanɗaka da Durɓi ke zama su fitar da sarki, kowa ya san su da sunansu. Kuma idan maganar gyaran harshe ake, ina aka kafa kwalejin da ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa? Ta Dikko ɗakin kara dai.

Dattijon Daura: Yaro, kwalejin taku Turanci ta koyar. Ni Hausa nake magana.

Ɗan Sawaba: To ga shi nan, an fara. Ku biyun ku yi ta yi, ƙarshenta abin da gidajen rediyon waje suka faɗa da Hausar Kano shi kowa zai kwaikwaya, har 'ya'yanku.

Bakatsine: Wannan kuma shi ne ciwon. Mu ce tahi, a yi mana dariya, a ce mu gyara baki kafin a ba mu makirfo.

Lauyan Ƙofar Ƙaura: A dawo kan hanya, yarinya na da aiki gobe. Baba, Waziri ba zai yi ba, ba don asalinsa Larabci ne ba, sai don sarki ke naɗa Waziri, shi ke sauke shi idan ya ga dama. Starmer kuwa, ranar 5 ga Yuli ya je fada Sarki ya ce ya kafa gwamnati, gaskiya ne, amma ba zaɓin Sarki ba ne. Jam'iyyarsa ce ta samu kujeru sama da 400 cikin 650, ba wanda za a kira sai shi. Masu zaɓen sarki namu ma wani abu ne daban: manya ne ke zaɓe a cikin 'ya'yan sarauta, talaka ba ya jefa ƙuri'a. Abin da ya sa ba za a ce "sarauta" kawai ba ke nan.

Ƙanwata, ga abin da zai warware miki "gwamnatina". A watan Nuwamban 2023 Sarkin nan ya zauna a kujerar nan ya karanta jawabin gwamnatin Rishi Sunak, har da dokar ba da lasisin haƙo mai a Tekun Arewa duk shekara. Bayan wata takwas ya dawo ya karanta na waɗanda suka yi kamfe da cewa ba za su ba da sabon lasisi ba. Murya ɗaya, rawani ɗaya, kuma duka biyun "gwamnatina" ya ce. Ministoci ke rubutawa, a miƙa masa. Bayan ya tafi 'yan majalisa su kwashe kwanaki suna muhawara, su kaɗa ƙuri'a a kai. A Janairun 1924 gwamnatin Stanley Baldwin ta faɗi a irin wannan ƙuri'a, ta sauka, Sarki na nan daram. Wanda zai sha kunya idan jawabi ya faɗi, shi ne mai jawabin. Don haka ki ce "jawabin gwamnati da Sarki ya karanta", ko da su a can jawabin Sarki suke kiransa.

'Yar Rediyo: Wannan ta zauna, na gode Barista. Saura babbar.

Mahayi: Duk bayanin da Barista ya zuba, ba linzami ya kwatanta ba? A ba shi takarda ya karanta, gobe a ba shi kishiyarta ya karanta. Ku dai ba ku son a ce daga bakina ta fito.

Ticha: Idan raini ake so ai akwai "sarautar jeka-na-yi-ka" tun kafin taka. Matsalar ke nan, duk ra'ayi ne, ba suna ba. Ɗan jarida ba ya sa wa abu sunan da ya riga ya yanke masa hukunci.

Hajiyar Rafindadi: Ina ta karantawa ina jira wani ya faɗa, shiru. Ai Hausa ta riga ta raba sarauta da mulki. Tun da aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidan yari daga hannun En'e, aka zo aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, me muke gani? Sarki na sarauta, gwamna na mulki. Kowace mace a unguwarmu ta san idan rikicin gado ko na aure ne a nufi mai unguwa har zuwa fada, idan famfo ne ko albashi a nufi gwamnati. 'Yata, ki ce "sarauta ba mulki". Mun ma taɓa zama a ƙarƙashin irinta: daga 1960 zuwa 1963 Sarauniya Elizabeth ce shugabar ƙasar Nijeriya, Azikiwe na wakiltarta, Tafawa Ɓalewa na gudanar da gwamnati.

Bakatsine: Hajiya ta kashe bakin kowa.

Lauyan Ƙofar Ƙaura: Hajiya, a Ingila ta yi, a Suwidin ma ta fi yi, don can tun tsarin 1974 ko firaminista ba sarki ke gabatarwa ba, kakakin majalisa ne. Amma kalmar Turancin ta fi haka faɗi. Maroko ma haka take kiran kanta. Tsarin 2011 ya wajabta wa Sarki Muhammad na shida ya ɗauko shugaban gwamnati daga jam'iyyar da ta zo ta ɗaya a zaɓe, amma shi ke shugabantar majalisar ministoci, shi ne babban kwamandan soja, shi ne Amirul Muminina. A Jodan sarki ke naɗa firaminista, ya rubuta masa wasiƙa ya jera masa abubuwan da zai sa a gaba. Wa zai ce waɗannan ba sa mulki? Ran da labarin Maroko ya zo, kalmar Hajiya za ta yi ƙarya. Kuma kwatancen da sarakunanmu yana da rami: tsarin mulkin 1999 bai ba su wani gurbi ba sam, gwamna ke ba su sanda, alhali a Ingila doka ba ta zama doka sai da amincewar Sarki, ko da ta al'ada ce. Abin da ya haɗa su duka shi ne doka ta shata wa sarauta iyaka, wata ta matse, wata ta saki. Ni "sarauta mai iyaka" zan ce.

Hajiyar Rafindadi: Iyaka da me? Da Nijar? A Jibiya idan ka ce iyaka, kwastan za a tuno.

Malamin Zaure: Kowace sarauta ai mai iyaka ce, ban da ta Allah. Shi ya sa na ce a koma wa dusturi.

Mahayi: Linzami dai ba ya da wannan matsalar. Ana matse shi, ana sassauta shi, ga Maroko ga Ingila duk ya ɗauke.

Ɗan Sawaba: Wallahi wannan karon ya faɗi gaskiya, sai dai ba mai iya furta ta a rediyo.

Dattijon Daura: Ku yi ta yi. An tambayi tushe an ƙi ji.

'Yar Rediyo: Baba, a yi haƙuri, ba ƙi aka yi ba, zancen masu zaɓen sarki zan sa shi a shirin don a ga bambancin. Dare ya yi, ga abin da na rubuta: "Birtaniya na bin tsarin sarautar da doka ta taƙaita wa iko, wato Sarki na sarauta, zaɓaɓɓu na mulki." Sau ɗaya zan faɗe shi a farko. Daga nan sai in riƙa cewa "taƙaitacciyar sarauta", in wuce zuwa maganar jiragen ƙasa da gidaje miliyan ɗaya da rabi da suka yi alkawari cikin shekara biyar, da layin masu jiran asibiti da ya haura miliyan 7 a Ingila, don abin da masu saurare za su kira waya a kai ke nan.

Lauyan Ƙofar Ƙaura: Jimlar farko ta yi. "Taƙaitacciya" kuwa kamar sarautar da ba ta daɗe ba. Amma don shirin gobe, na bari.

Hajiyar Rafindadi: Rabin maganata ce aka ɗauka aka yi mata ƙari. Allah ya ba da sa'a, 'yata.

Mahayi: Ban yarda ba, amma zan saurara. Idan aka buɗe layi zan kira in faɗi tawa, mu ga wadda jama'a za su riƙe.

Ticha: Ni har yanzu ban san abin da zan rubuta wa yara a allo ranar Litinin ba. Kuma wannan "majalisar dattawansu" da kika sa a sama, ba zaɓensu ake yi ba fa, a shekarar nan ta 2024 kujeru 92 ma na masu gado ne, ga limaman coci 26. Majalisar sarakuna za a ce, irin wadda aka yi a Kaduna kafin 1966, ko kuwa?

Dattijon Daura: Wannan kam ku bar mini ita sai da safe.