Fargabar kama aikin jinya a karon farko

Sabuwar Nas:
Assalamu alaikum. Na kammala karatun jinya, na karɓi lasisi, kuma ranar Litinin zan kama aiki a sashen da ake kwantar da manya. Maimakon murna, tsoro ne ya cika mini ciki, har barci ya fara ƙaurace wa idona. Lokacin da nake ɗaliba, duk allurar da zan yi akwai wadda ke tsaye a kaina, yanzu kuwa ni ce zan sa hannu a takardar magani. Lissafin magani da aikin dare su ne suka fi tayar mini da hankali. Ina roƙon yayyena a wannan aiki su faɗa mini yadda suka yi.

Sista Mai Aikin Dare:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. A makona na farko hannuna ya yi ta rawa har na kasa samun jijiyar wani dattijo sau biyu, sai da na kira wadda ta girme ni a aiki, ita kuwa ba ta ce mini komai ba illa in riƙe mata hannunsa in kalla. Abin da ya kwantar mini da hankali daga baya shi ne bin tsari guda kullum, domin tsoro ya fi samun wuri idan mutum bai san abin da zai fara da shi ba. Ki riƙa zuwa kafin lokacin karɓar aiki, ki rubuta abin da aka faɗa a kan kowane gado, sannan ki fara da wanda jikinsa ya fi tsanani. Kafin kowane magani ki tabbatar da majiyyacin, da sunan maganin, da adadinsa, da hanyar bayarwa, da lokaci, ko da ana jiranki a wani gadon. Lissafi kuma a takarda ake yinsa, ba da ka ba. Misali, ƙarin ruwa lita 1 cikin awa 8 yana nufin mililita 125 a kowace awa, kuma idan robar ƙarin ruwan mai ɗigo 20 ce a mililita, zai kama kusan ɗigo 42 a minti. Magunguna irin su insulin (allurar masu ciwon sukari) kuwa, ki sa wata ta duba tare da ke.

Nas Ɗan Tiyata:
Malama, kada ki auna kanki da waɗanda kika tarar. Patricia Benner, malamar jinya a Amurka, ta bayyana a 1984 cewa ƙwarewa a wannan aiki mataki biyar ce, kuma ana kai wa na uku ne bayan shekara biyu zuwa uku a wuri ɗaya. Ni dai sabon ma'aikacin da ba ya tambaya shi ne yake ba ni tsoro. Idan za ki kira likita da dare, ki fara auna bugun zuciya, da hawan jini, da zafin jiki, da numfashi, ki riƙe fayil a hannu. Muryarki ba za ta yi rawa sosai ba idan lambobin suna gabanki.

Uwar Sashe:
Na yarda da su, sai dai ba kowa za ki tarar mai haƙurin koyarwa ba, kuma gara ki san haka tun yanzu. Ki nemi a haɗa ki da mutum ɗaya da za ki riƙa komawa gare shi. Idan kuskure ya faru, ki sanar nan take, saboda a ceci majiyyacin da wuri. In kuma rashin barcin ya ɗauki makonni, ke ma ki ga likita.

Sabuwar Nas:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan je in ga shugabar sashen, in tambaye ta wanda za a haɗa ni da shi, in kuma ga inda ake ajiye kayan taimakon gaggawa kafin Litinin.