Wace irin kujera ta dace da teloli a masana'anta?

Mai kula da aiki, Sharaɗa:

Assalamu alaikum. Ina kula da aiki a wata masana'antar ɗinka kayan makaranta da ke Sharaɗa a Kano, kuma hukumar kamfanin ta amince a sauya wa ma'aikata kujeru, saboda koken ciwon baya da na kafaɗa ya yi yawa, musamman a tsakanin telolin da ke wuni a kan keken ɗinki mai lantarki. A halin yanzu wasu suna zama a kan benci marar majingina, wasu kuma a kan kujerun roba irin na wurin biki, har ta kai kusan kowa yana zuwa da matashi daga gida yana ɗorawa domin ya ƙara tsawo. Akwai kuma sashen duba kaya da ninkewa, inda teburin yake da tsawo, ma'aikata suke tsaye tun safe har yamma. Wani dila ya kawo mana samfurin kujerar ofis mai tayoyi da madogarar hannu, ya ce idan muka ɗauki iri ɗaya ga kowa zai yi mana ragi. Shin ta dace da aikinmu, ko akwai abin da ya kamata mu duba kafin a fitar da kuɗi?

Likitar gashin ƙashi:

Wa alaikumus salam. Malam, shawarata ita ce ku dakatar da cinikin tukuna, domin an ƙera kujerar ofis ne saboda wanda yake jingina baya yana kallon kwamfuta, alhali tela gaba yake karkata, idonsa a kan allura, ƙafarsa a kan feda, gwiwarsa ta dama tana tura sandar ɗaga ƙafar keke, wato ƙarfen da ke danne yadi a wajen allura. Madogarar hannu za ta riƙa karo da bakin teburi, ta hana shi matsowa kusa, sai ya koma zama a gaban-gaban kujerar, majinginar da kuka biya kuɗinta ta zama ado kawai.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne kujerar ta riƙa ɗagawa da saukewa, misali daga santimita 40 zuwa 55, saboda teburin keke yakan kai santimita 75 ko kusa da haka, ma'aikatanku kuwa akwai dogo akwai gajere. Ku zaunar da mutum ku dube shi ta gefe. Ya kamata gwiwar hannunsa ta yi daidai da saman teburi ba tare da ya ɗage kafaɗa ba, cinyarsa ta kwanta ko ta ɗan gangara gaba, kuma a samu tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarsa. Idan bakin yana da kaifi ko mazaunin ya yi zurfi, zai danne jijiyoyi, ƙafa ta riƙa yin sanyi ko kumburi da yamma. Majingina ba sai ta yi tsawo ba. Ƙarama wadda ta tallafi lanƙwasar ƙugu, kuma ake iya matsar da ita sama da ƙasa, ta fi doguwar da ba ta taɓa bayan mutum yayin aiki. An yi gwaji a kan masu ɗinki a masana'antun Los Angeles ta Amurka, aka wallafa sakamakonsa a 2007, inda aka ga ciwon wuya da kafaɗa ya ragu a wurin waɗanda aka ba su kujeru masu daidaita tsawo, kuma raguwar ta fi yawa ga waɗanda mazauninsu ya lanƙwasa ta gaba.

Injiniyan gyaran injuna, Kaduna:

Na yarda da bayanin Hajiya, amma zan ƙara abin da mu masu gyara muke gani, domin kujerar da ta dace da jiki a ranar farko tana iya zama tarkace kafin shekara ta zagayo. Na farko, ku guji tayoyi a sashen ɗinki. Duk lokacin da tela ya taka feda kujera za ta ja da baya, shi kuma ya riƙa dogara ɗaya ƙafar a ƙasa domin ya tsayar da ita, kuma wannan ƙanƙame jikin na tsawon sa'o'i shi kansa yana haifar da ciwon ƙugu. Ban da haka, zare da burbushin yadi suna naɗewa a cikin tayoyi har su ƙage. Ku nemi gindi mai ƙafa biyar da takalman roba marasa juyawa.

Na biyu shi ne abin da aka rufe mazaunin da shi. Yadi yana shan ƙurar hunturu da man keke, leda mai sheƙi kuma tana tara zufa a bazara, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, sannan ta tsage da zarar almakashi ya taɓa ta. A masana'antu an fi amfani da soson roba na foliyuretan wanda aka zuba shi dunƙule guda, mai 'yan ramuka ko layuka na shan iska, wanda ake gogewa da tsumma mai ruwa. Ya fi tsada, amma araha ba ta ado. Ku tambayi dilan lambar ajin silindar da ke ɗaga kujerar, domin aji na 4 ya fi na 3 jure nauyi, kuma ku tabbatar ana samun madadinta a kasuwa, saboda ita ce ke fara lalacewa, mutum yana zaune sai ya ga yana nutsewa a hankali. Idan ba za a samu ba, gara kujera mai sandar ƙarfe mai zare irin na noti wadda ake murzawa ta hau ko ta sauka, tunda kowane mai walda zai iya gyara ta.

Sashen duba kaya kuwa ba wannan kujerar yake buƙata ba. Idan ma'aikacin yana miƙa hannu nesa yana kai da kawowa, ku ba shi doguwar kujerar jingina, wadda mutum yake ɗora mazaunansa a kai ƙafafunsa na ƙasa, tare da tabarmar roba mai kauri a kan siminti. Idan kuma zama zai yi sosai a gaban dogon teburi, dole kujerar ta kasance da zoben ɗora ƙafa, kuma kada a sa mata tayoyi, domin tana iya zamewa lokacin da ake hawa.

Tsohon tela, Fagge:

Ranku ya daɗe, abin da masana suka faɗa gaskiya ne, sai dai ina roƙon a saurari masu zama a kan kujerun. Na taɓa aiki a wani wuri da aka kawo kujeru masu kyau, ba a nuna wa kowa yadda ake daidaita su ba, aka bar su a tsawon da suka fito da shi daga kwali, bayan ɗan lokaci mutane suka koma zuwa da matashi daga gida. Sannan sau da yawa laifin ba na kujera ba ne. Idan haske bai isa wajen allura ba, tela zai sunkuya ko da a kan karagar sarki aka ɗora shi. Ƙafafun teburin keke suna da noti da ake kwancewa a ɗaga ko a sauke, feda ma ana matsar da ita gaba ko baya, amma ba kasafai ake taɓa su ba. Akwai kuma batun biya bisa yawan abin da mutum ya ɗinka, wanda yake sa ba mai son tashi ya miƙe jiki sai lokacin salla.

Mai kula da aiki, Sharaɗa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar haske da tsawon teburi ta shige ni, kuma zan sa a duba su tun kafin kujeru su iso. Saura tambaya ɗaya ga Hajiya: muna da mata gajeru waɗanda idan aka ɗaga musu kujera har hannu ya yi daidai da teburi, ƙafarsu ba ta kai wa feda sosai. Wanne za a fifita?

Likitar gashin ƙashi:

Malam, ga tela daga feda ake farawa, saboda ita ce ba ta bin mutum. A daidaita kujera har tafin ƙafa ya zauna sosai a kan feda, sannan a sauke teburin ya zo daidai gwiwar hannu, muddin cinya tana da wurin motsi a ƙarƙashinsa. Idan teburin ya kai iyakarsa bai sauka yadda ake so ba, sai a ɗaga fedar a kan katako mai faɗi wanda zai ɗauki ƙafafu biyu, a rage tsawon sandar da ta haɗa ta da injin da ke juya keken. Kafin ku sayi da yawa, ku karɓi samfuri biyu ko uku, ku ba mafi tsawo da mafi gajarta a cikin ma'aikatanku su yi aiki a kai na mako biyu, domin soson da ya yi laushi da yawa yana da daɗi a minti biyar na farko, amma sai bayan azahar ake gane ko mutum yana nutsewa a cikinsa.