Yaya ake gane ko sabon maganin tallafi na cutar da yaro mai maleriya mai tsanani?

Ɗalibar Jinya:

Assalamu alaikum malamaina. Ina ajin ƙarshe a karatun jinya a nan Zariya, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. An koya mana cewa allurar atesunet ce ke kashe ƙwayar maleriya, amma duk da haka wasu yaran na rasuwa, wasu su tashi da naƙasa, shi ya sa ake gwada wasu magungunan a matsayin tallafi. To yaron da aka kawo a sume, yana jijjiga, jininsa ya yi ƙasa, idan aka ba shi sabon magani ya ƙara rikicewa, ta yaya za a san maganin ne ko ciwon ne? Kuma da waɗanne yara ake fara gwajin?

Likitan Yara:

Wa alaikumus salam. 'Yata, a jikin yaro ɗaya ba kasafai ake iya rabewa ba, domin duk illar da magani zai iya jawowa, ciwon ma yana jawo ta. Sai an kwatanta rukuni biyu. Kowane yaro ana ba shi cikakkiyar kulawar da aka sani: atesunet ta jijiya, miligiram 3 a kan kowane kilo ga wanda bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya kai, da zuwansa, sai bayan awa 12, sai bayan awa 24, sannan sau ɗaya kullum har ya iya haɗiya, a ƙarasa da ƙwayoyin ACT, wato haɗin maganin maleriya da ake sha, na kwana uku. A kan wannan ne ƙuri'ar kwamfuta za ta raba su: wasu a ƙara musu sabon maganin, wasu a ba su abin da ya yi kama da shi amma babu sinadari a ciki. Likita da nas ba su san wanda ya samu wanne ba.

Ki riƙe wannan lissafin. A gwajin AQUAMAT na 2010, wanda ya haɗa yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara har da cibiya a Ilori, kashi 8.5 cikin 100 na waɗanda aka ba atesunet sun rasu, na kwinin kuwa kashi 10.9. Wato ko da mafi ingancin magani, kusan yaro ɗaya cikin goma sha biyu ba ya tashi. Saboda haka za a yi rashi a cikin gwaji. Abin da ake dubawa shi ne ko ya fi yawa a ɓangare ɗaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganin da ke gyara abin da ido ke gani. A Kilifi ta Kenya an gwada allurar fenobabital mai hana jijjiga, miligiram 20 a kan kilo sau ɗaya, a yara 340 masu maleriyar ƙwaƙwalwa, aka buga sakamakon a 2000. Jijjiga ta ragu sosai. Amma mace-mace sun ninka, kashi 18 a gefen maganin, kashi 8 a ɗaya gefen. Numfashi ne ke tsayawa, musamman a yaran da aka yi ta maimaita wa dayazifam, wani maganin tsayar da jijjiga, don duka biyun suna danne numfashi, ga shi babu na'urar da za ta riƙe wa yaron. Haka gwajin FEAST na 2011, yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani a Uganda, Kenya da Tanzaniya, fiye da rabinsu da maleriya. An gwada zuba ruwa da sauri ta jijiya, abin da kowa ya ɗauka ceto ne. Bayan awa ɗaya yaran da aka zuba wa sun fi nuna alamun farfaɗowa. Bayan awa 48, sama da kashi 10 sun rasu a cikinsu, kashi 7.3 a waɗanda ba a zuba wa ba, har kwamitin sa ido ya sa aka tsayar da gwajin. Deksametason, maganin kumburi, tun 1982 a Tailan aka ga yana tsawaita suma, ga ciwon huhu da zubar jini a ciki. Manitol, mai rage kumburin ƙwaƙwalwa, a yaran Uganda bai amfana komai ba.

Wani wurin da ake tuntuɓe shi ne tantance wanda za a ɗauka. Daga Agusta zuwa Oktoba yara da yawa a Zariya da kewaye na ɗauke da ƙwayar a jini, ko da wani ciwon ne daban ya sumar da su. Don haka sai an gyara sikarin jini, an jira aƙalla minti 30 bayan jijjiga, ma'aunin suma na Bilantaya ya nuna 2 ko ƙasa da haka cikin 5, an cire sankarau, sannan a leƙa bayan ido. Binciken gawarwaki a Malawi ya nuna kusan kwata na yaran da aka ce maleriyar ƙwaƙwalwa ce ta kashe su, wani abu ne daban, kuma alamun bayan ido ne suka fi raba su.

Mai Haɗa Magunguna:

Dakta ya kawo ginshiƙin. Bari in amsa rabi na biyu, ƙanwata. Ba a farawa da yaron da ke sume. Bayan dabbobi da manya, sai yara masu maleriya mara tsanani, waɗanda ke magana suna cin abinci, domin a jikinsu illa ta fi fitowa fili. Haka aka yi da rosigilitazon, maganin ciwon sikari, a Manyisa ta Mozambik: yara 30 masu zazzaɓi mara tsanani, miligiram 0.045 a kan kilo, sau biyu a rana, kwana huɗu, ana bin sikarin jini, hanta da bugun zuciya. Da aka ga lafiya, sai aka wuce zuwa yara 180 masu ciwo mai tsanani. Bai nuna cutarwa ba, amma kuma bai kawo sauyin da aka sa rai ba a ma'aunin jinin da aka zaɓa. Rashin illa daban, amfani daban.

Abin da za a bibiya yana fitowa ne daga yadda maganin ke aiki. A Jinja ta Uganda an shaƙa wa yara iskar naitirik oksaid, kashi 80 cikin miliyan, har zuwa awa 72. An san tana juya jan sinadarin jini ya kasa ɗaukar iskar oksijin, don haka tun kafin a fara aka rubuta cewa in wannan gurɓataccen jinin ya wuce kashi 7 cikin 100, a ɗauki mataki. Kusan kwata na waɗanda suka shaƙa sun wuce iyakar, daga baya ya sauka. A wurinmu sai an ƙara lura da abu ɗaya: metilin bulu, wanda ake warware wannan matsala da shi, yana farfasa jinin mai ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma masu wannan ƙarancin ba kaɗan ba ne a cikin yaranmu maza.

Ana hawa da awon magani ne mataki-mataki: 'yan yara kaɗan a ƙaramin awo, a tsaya, a duba yawan maganin a jininsu, sannan a ƙara. Dalili shi ne yaro mai tsananin ciwo ba ya sarrafa magani kamar mai lafiya. Maganin da aka ba ta robar hanci zai iya ƙin tsotsuwa a hanji, ƙodar da ta raunana ta bar shi ya taru, mai tamowa kuma lissafinsa daban. A ɗora yaro a sikeli, kada a ƙiyasta nauyi da shekaru. Yaro mai kilo 12 rabonsa miligiram 0.54 ne a awon rosigilitazon, kuma in ɗigon lamba ya goce wuri ɗaya an ba shi ninki goma. Shi ya sa mutum biyu ke duba kowane awo su sa hannu.

Duk gwaje-gwajen farko, wato sikari, yawan jini, ƙoda, hanta da hoton bugun zuciya, a ɗauke su kafin awon farko. In aka yi sakaci aka ɗauka bayansa, ba a da abin kwatantawa. Sikari kuma a riƙa dubawa duk bayan 'yan awanni, in ya sauka ƙasa da 3 a ma'aunin mmol/L a ba da ruwan sikari mai kashi 10, mililita 5 a kan kilo. Jinin da ake ɗiba shi ma yana da iyaka: yaro mai kilo 10 duk jininsa bai wuce kusan mililita 800 ba, kuma da yawansu sun zo da ƙarancinsa.

Ga ƙa'idar uku, ki haddace ta. In an gwada yara 30 ba a ga wata illa ba, abin da za a iya faɗa kawai shi ne da wuya ta wuce 3 cikin 30, wato ɗaya cikin goma. Kafin a ce ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba, sai yara 300.

Nas Mai Kula da Bincike:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ɓangaren takardu da iyaye zan taɓa, don a nan Arewa maganar tana da tarihi. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 lokacin annobar sankarau a Kano a 1996, da shari'ar da ta biyo baya kan batun izini da amincewar iyaye, har yau mutane ba su manta ba, kuma suna da gaskiyar yin tambaya. Yanzu ba a fara gwaji sai da izinin NAFDAC da na kwamitin ɗa'a mai rajista da NHREC, wato kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, irin na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, kuma a yi wa gwajin rajista a bainar jama'a.

Duk mummunan abin da ya faru, rasuwa ko tsawaita kwanciya ko abin da ya yi barazana ga rai, ana kai rahotonsa cikin awa 24, ko da kowa ya tabbata ciwon ne. Ba aikin wanda ke bakin gado ba ne ya tace. Wanda ba a zata ba kuma ake zargin maganin, in ya kai ga rasuwa ko dab da ita, hukuma za ta ji cikin kwana 7, sauran cikin kwana 15. Kwamitin sa ido mai zaman kansa shi kaɗai ke ganin alƙaluman kowane ɓangare a buɗe.

Neman amincewa yana da wuya. Uwa ce a gabanki cikin firgici, maigida na kasuwa ko gona, ita kuma ba za ta so yanke hukunci ita kaɗai ba. A fara ceto da atesunet nan take, kada a jira sa hannu. Takardar ta kasance da Hausa, a karanta musu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa gaban shaidar da ba ta cikin masu binciken. A faɗa a fili cewa ba a san ko maganin na da amfani ba, kuma in sun ƙi, kulawar ɗansu ba za ta ragu ba. A tambayi abin da aka ba yaro kafin zuwa, ba tare da faɗa ba: allurar kemis, jiƙo, tazargade, ko maganin rigakafin damina mai amodiyakwin. In aka tsawata, za a ɓoye, kuma hantar da ta taɓu sai a ɗora wa sabon magani.

Sallama ba ita ce ƙarshe ba. Atesunet kansa na iya jawo farfashewar jini bayan mako ɗaya zuwa uku, don haka a duba jini a kwana na 7, 14 da 28. Ji, gani, magana da tafiya kuma a bi su wata shida zuwa shekara. A Gambiya an gwada wata allurar kashe kumburi mai toshe TNF, wani sinadarin jiki mai tayar da kumburi, aka buga sakamakon a 1996: ba ta rage mace-mace ba, amma naƙasar ƙwaƙwalwa ta fi yawa a waɗanda aka yi wa. A cikin birni gidaje da yawa ba su da lamba, sai a rubuta kwatance da masallaci ko gidan mai unguwa, da lambar waya biyu. In yaro ya rasu a gida, a ranar ake jana'iza, don haka sai a je ta'aziyya, daga baya a nemi bayanin abin da ya faru cikin natsuwa.

Ɗalibar Jinya:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Saura ɗaya, Dakta: in maganin yana cutar da wasu yaran ne kawai, yana amfanar wasu, ba za su shafe juna a lissafi ba?

Likitan Yara:

Za su iya. A gwajin TRACT na 2019 a Uganda da Malawi an kwatanta ƙarin jini mililita 20 da 30 a kan kilo a yara masu tsananin ƙarancin jini. A dunƙule babu bambanci. Da aka raba, sai aka ga 30 ya rage mace-mace a yaran da jikinsu ba zafi, ya ƙara su a waɗanda zafinsu ya wuce 37.5. Shi ya sa ake rubuta rukunonin da za a duba tun kafin a fara, don in an je ana tona bayan an ga sakamako, dole a tsinci wani bambanci na dace. A Zariya zan sa masu sikila, masu ƙarancin G6PD, masu tamowa da waɗanda ƙodarsu ta taɓu tun zuwansu. Ke kuma a bakin gado, ki rubuta zafin jiki, yawan numfashi, yawan fitsari da launinsa, da ainihin mintin da aka ba kowane awo, har da dayazifam ɗin da aka yi cikin dare.